Shawarar majalisarmu kan kuɗin shiga kallon kokawa

A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, Katsina, mun tattauna yadda tikitin WWE, kamfanin kokawar nishaɗi na Amurka, ya ƙara tsada tun komawar kamfanin ƙarƙashin babban kamfanin TKO a 2023, amma filayensu na Amurka ba su daina cika ba. Mafi rinjayen shawara ita ce kada masu shirya kokawar gargajiya su kwaikwaye su, domin mai kallonmu sai ya ƙirga canjin aljihunsa kafin ya nufi ƙofa. Dattawa sun ce a riƙa sa wasa da kaka, hatsi ya shiga rumbu, a kuma bar yara su shiga kyauta. Wannan na goyi bayanta, domin na taɓa ganin yara suna leƙe ta kafar zana, abin ya sosa mini rai.