Abin da aka tattauna a fada kan sirrin waya

A wata fadar matasa a unguwar Zariya, nan Maradi, an yi hira kan yadda kamfanonin waya da na intanet ke tara bayananmu, da abin da hukuma ke yi. Ga shawarwarin da suka fito.

Wani malamin makaranta ya tunatar cewa Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma HAPDP, hukumar kare bayanan mutum da ke Yamai, na karɓar ƙorafi. ARCEP kuwa ita ke sa ido kan kamfanonin sadarwa. Ya ce a Najeriya, a 2024, an ci Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220. Ashe hukuma na iya tanƙwara su idan ta so.

An fi daɗewa kan katin ɗan ƙasa, kuma a ganina nan matsalarmu take. Mutum ya ba mai shago katinsa a yi masa rajistar layi, ya tafi ya bar kwafi a kan tebur, gobe a buɗe wani layi da sunansa, a yi damfara da shi. Shawara ita ce ka tsaya a gama a gabanka, kuma kada ka ara wa kowa katinka, ko ɗan uwanka ne.

Lambar sirri da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa mai kira, ko da ya ce daga kamfani yake. Manhajar bashi da ta nemi ganin lambobin wayarka da hotunanka, goge ta.