Likita ya ce a yi wa jaririn ƙanwata tiyata, hankalina bai kwanta ba

Yayar Maijego:
Assalamu alaikum. Yau kwana tara da haihuwar ƙanwata, har yanzu an kasa cewa namiji ne ko mace. Likitoci sun ce mata-maza ne. Ɗaya daga cikinsu ya ce a yi tiyata kafin ya shekara, a mayar da gabansa na mace. Dangin uban sun matsa a yi, wai don rufin asiri. Ita kuwa ba ta da aiki sai kuka. Abin da ya tsaya mini a rai: in ya girma ya ce shi namiji ne fa, wa zai maido masa abin da aka yanke?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ku fara da gwajin jini, yau ɗin nan. Akwai larurar da ake kira CAH, mai iya sa a haifi jariri mata-maza, tana sa jariri asarar gishirin jiki a makonnin farko, tana iya kisa, kuma da magani ake riƙe ta. In fitsari ba ya fita, aiki ya zama dole. Amma tiyatar gyaran siffa kawai tana iya jira. Malta ta haramta yi wa yara ita a 2015, Jamus ta bi sahu a 2021, Girka a 2022. A Afrilun 2024 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurinta na farko kan mata-maza: ƙasashe 24 suka amince, ba wadda ta ƙi.

Mai Tabo:
Anti, ni aka yi wa. Ina da shekara biyu aka yi mini aikin farko, ina da bakwai aka sake. Duk tasowata "ciwon mara" ake ce mini, sai da na kai 19 na ga takardun asibitina da idona. Har yau wurin ba ya ji kamar sauran jikina. Ban riƙe iyayena ba, tsoro aka ba su. Amma ɓoyewar ta fi wuƙar ciwo. Don Allah ku adana kowace takarda, kuma in ya fara wayo ku gaya masa gaskiya daidai hankalinsa.

Ɗalibin Fiƙihu:
Hajiya, ki tuna wa dangin cewa malaman fiƙihu sun daɗe da buɗe babi kan hunsa, wato mata-maza, har rabon gadonsa sun tsara. Wanda lamarinsa ya rikice, sukan jira alamomin balaga kafin su yanke hukunci.

Yayar Maijego:
Na gode, Allah ya saka da alheri. An ɗebi jinin ɗazu da yamma. Mai Tabo, na karanta wa ƙanwata saƙonki, ta ce ba za ta sa hannu a takardar tiyatar ba.