Almakashin datse rassa ya koma taunawa, ya ake wasa shi?

Mai_Garka:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar lambu ina neman shawara. Almakashin da nake yi wa bishiyoyi da fulawa aski da shi ne ya fara ba ni ciwon kai, da can in na kama reshe ƙat ɗaya yake cire shi, yanzu kuwa sai ya tauna reshen ya bar ɓawo yana lilo, wani lokacin ma reshen ya shige tsakanin bakin biyu ya maƙale sai na ɓanɓare da hannu. Ga tsatsa ta fara fitowa wajen notin. Irin mai baki biyu ne masu gitta juna, ɗaya mai kaifi ɗaya kuma lanƙwasasshe mai kauri. In kai wa masu wasa wuƙa su ɗora a inji ko akwai yadda zan yi da kaina?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka kai shi inji, dutsen injin nan zafi yake sa wa ƙarfe, da ka ga bakin ya yi shuɗi-shuɗi to ya saki kenan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Kuma yawancinsu wasan wuƙa za su yi masa, gaba da baya, alhali irin naka gefe ɗaya kawai ake wasawa.

Kafin ma a zo maganar wasawa ka wanke shi tukuna. Wannan baƙi-baƙin da ke jikin bakin ba duka ne tsatsa ba, ƙaron itace ne ya bushe, shi ke hana bakin biyu haɗuwa. Ɗan kananzir a tsumma da soson ƙarfe zai fitar da shi tas. In tsatsar ta kama sosai sai ka bi ta da samfefa mai laushi.

Sai ka duba bakin mai kaifin da kyau, za ka ga fuska ɗaya a shafe take sumul, ɗayar kuma tana da ɗan gangare siriri a baki. To gangaren nan shi ne wurin aikinka. Ka samu ƙaramin magagari mai laushi ko ɗan dutsen wasa wuƙa, ka kwantar da shi daidai yadda gangaren yake, wajen digiri 20 zuwa 25 ne yawanci, amma ba sai ka auna ba, ka shafa tawadar alƙalamin maka a kan gangaren kawai, in ka goga ka ga tawadar ta fita gaba ɗaya to hannunka na daidai, in a can bakin kawai ta fita ka ɗaga da yawa. Ka riƙa turawa daga gindi zuwa tsini kana bin lanƙwasar, hanya ɗaya, ba kai da kawowa ba. Za ka ji ɗan kaushi ya fito ta bayan, wato fuskar nan da ke shafe, in ka shafa da yatsa a hankali, sai ka kwantar da dutsen shimfiɗe a bayan ka shafa sau ɗaya ko biyu ya fita. Iyakar abin da za ka yi wa bayan kenan, in ka ci shi ka buɗe rata tsakanin bakin biyu kuma ba ta gyaruwa. Shi lanƙwasasshen ba a wasa shi, gogewa ce kawai.

Ummu_Fulawa:
Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, amma ni maƙalewar reshen nan da ka ce tafi min kama da noti ya saki. Ka riƙe hannun biyu ka jijjiga gefe da gefe, in ka ji yana ƙwas-ƙwas to ɗaure shi za ka yi kaɗan-kaɗan har ya daina, amma kar ya kai sifirin ya kasa buɗe shi da kansa. Ko kaifinsa ya kai na reza in da rata taunawa zai yi. In za ka kwance shi gaba ɗaya kuma ka ɗau hoto da waya kafin ka fara, ƙananan wasoshin nan, wato 'yan zobban ƙarfen da ke jikin noti, mayar da su rigima ne wlh.

Mai_Garka:
Hajiya gaskiyarki, na jijjiga yanzu yana motsi kuwa. Na gode ƙwarai. To maganar mai fa Baba, baƙin mai zai yi? Ina da shi a ajiye.

Tsohon_Hannu:
Zai hana tsatsa kam amma ni ba na so, datti ne da shi kuma duk reshen da ka yanka sai ya shafa masa a kan ciwon. Man keken ɗinki ya fi, ɗigo a wajen noti, ɗigo a sifirin, sauran ka shafe bakin da tsumma. Man girki kuma daɗewa yake ya yi danƙo.

Dan_Dashe:
Ƙari a kan nasu, in ka yanka bishiyar da ke da cuta ka goge bakin da sifirit mai kashi 70 kafin ka taɓa ta gaba, almakashi na ɗaukar cuta daga wannan ya kai wa waccan. Wasu bilic suke sawa, yana aiki amma yana cin ƙarfe, sai an ɗauraye an busar an sa mai nan take. Sannan abin da ke sa notin saki tun farko yawanci murɗawa ce, mutum ya kama reshen da ya fi ƙarfin almakashin ya dinga murɗa hannu. Duk reshen da kaurinsa ya wuce kamar santimita 2 zarto za ka ɗauko. Kuma ka riƙa cusa reshen can ciki kusa da noti, ba a tsini ba, bakin mai kaifi ya kasance ta ɓangaren bishiyar, mai kaurin ta ɓangaren da zai faɗi, don shi ne ke murƙushe ɓawo.