An miƙa mini makullin ofis, amma ba wanda ya koya mini aikin

Sabon hedimasta:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana malamai. Shekara 14 ina riƙe da alli a aji, sai a farkon zangon da ya wuce aka kawo mini takardar cewa ni ne sabon hedimasta a firamaren ƙauyenmu. Yara 640 ne, malamai tara har da ni. Wanda na gada ya bar mini makulli da rajista da littafin baƙi, ya yi mini addu'a ya tafi. Ba wanda ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake duba darasin malami ko yadda ake rubuta tsarin raya makaranta. Huɗu daga cikin malamaina rabonsu da taron bita tun kafin korona, biyu kuma ba su taɓa zuwa ba. Wani lokaci ko alli daga aljihuna yake fitowa. Abin da ke hana ni barci shi ne 'yan aji huɗu da ba sa iya haɗa baƙi, ga malaminsu yana bakin ƙoƙarinsa amma bai san wata dabara ba. Ina zan samo mana horo, ni da su? Wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a samu kuɗi? Wasu sun ce in sa wa kowane yaro naira 200, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Tsohon hedimasta mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Maganar naira 200 ka binne ta tun yau. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Ko ba a kai ka kotu ba, ranar da uba ɗaya ya kai ƙara, masu zuga ka ba za ka ga ƙeyarsu ba.

Sannan ka san inda kuɗin yake kwance, don wanda bai san hanyar rijiya ba shi ke kwana da ƙishi. Dokar nan ce ta kafa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A rabon da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin na gine-gine ne da kayan aiki, kuma jiha ba ta ɗaukarsa sai ta ajiye nata daidai da shi. Kashi 10 kuma na horar da malamai ne. Wannan kason ba a aika wa hedimasta da shi. Yana bi ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, su kuma su nemi sunaye daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. To ka ga ƙofarka ta farko ofishin sakatare ce. Kada ka je masa da baki kawai. Rubuta sunan kowane malami, takardar da yake da ita, ajin da yake riƙe, da shekarar da ya halarci bita ta ƙarshe. Ka kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ka dawo da shi. Na yi shekara 11 a kujerar nan, kuma sau da yawa na ga an tura sunan malami ne kawai saboda takardarsa ce ke kan tebur ranar da aka ce a kawo sunaye kafin la'asar.

Malamin aji huɗu:
Baba, da girmanka, amma a wajenmu ko takarda goma ka kai, fuskokin nan dai su ake kira kullum, saboda alawus. Shekarata takwas ina jira.

Shugabar makarantar 'yan mata:
Malam, ba ƙarya ka faɗa ba, ana yi. Shi ya sa ni na daina zuwa ni kaɗai. Mu shugabannin makarantu bakwai da ke yanki ɗaya muka rubuta takarda guda, muka jera duk malaman da suka haura shekara uku ba horo, muka miƙa ta hannun reshen ƙungiyar shugabannin firamare, AOPSHON, muka ba ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, kwafi. Mutum ɗaya ana iya ce masa ya dawo gobe, amma bakwai da sa hannu sai an saurare su. Ba duka muka samu ba, amma an sa sababbin sunaye.

Ƙanena hedimasta, kada ka zauna jiran bitar Abuja yaran nan suna wucewa aji biyar a haka. Ni kowace Alhamis bayan an tashi yara, mukan zauna minti arba'in. Malama ɗaya ta koyar da darasin da zai zo mata mako mai zuwa, mu zama ɗalibanta, sannan a faɗa mata abu biyu da ta yi daidai da abu ɗaya da za ta gyara. Da farko kunya ta hana kowa fitowa, sai na fara da kaina, na bari suka gyara mini. Wata malama da ta samu horon koyar da karatu da Hausa ta nuna mana yadda ake fara wa yaro da sautin baƙi, a haɗa gaɓa, a kai ga kalma. Sisi ba mu kashe ba, sai ruwan leda. A cikinku ku tara, na tabbata akwai mai wata baiwa da sauran ba su sani ba.

Jami'in tallafa wa makarantu:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara na kanka ne, ranka ya daɗe. Akwai cibiyar NIEPA a garin Ondo da aka kafa musamman don horar da masu tsara ilimi da shugabannin makarantu, kuma jihohi ne kan tura mutane, don haka ka sa buƙatarka a rubuce kamar ta malamanka. Wanda bai kai takardar malanta ta NCE ba a cikinsu, ka ƙarfafa masa ya shiga karatun cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna, wadda tun 1976 aikinta ke nan, ana yi a ƙarshen mako ba tare da an bar aji ba. Ka kuma duba ko kowa ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Mai babbar waya ya buɗe manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport, wadda gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, darussan kyauta ne. Kuma ka kira jami'in yankinku ya zauna da kai ku duba darasi ɗaya tare. Aikinmu ne, ba alfarma ba.

Shugaban SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta:
Ni tela ne, ba malami ba, amma shekara shida ina jagorantar kwamitin makarantar unguwarmu. Malam, ban ji ka ambaci kwamitinka ba. Yana nan da rai kuwa? Idan sunaye ne kawai a takarda, ka je wurin dagaci a sake zama, a sa liman, iyaye mata, masu sana'a da tsofaffin ɗalibai, a buɗe asusun banki da sunan kwamiti. Tallafin gyaran makaranta da UBEC ke bayarwa ta hannun kwamiti yake bi, kuma ba a duba makarantar da ba ta da asusu da rubutaccen tsari. Abin da doka ta hana ka karɓa a hannun yaro, al'umma na iya bayarwa da son ranta. Mu da kaka muke tara buhunan masara, mu sayar, mu karanta lissafin a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Daga ciki muke biyan kuɗin motar malamin da aka kira bita. Ɗan majalisa kuwa, ku same shi tun kafin a kai kasafin kuɗi majalisa a ƙarshen shekara, da buƙata ɗaya tak mai farashi a jiki. Mu mun taɓa zuwa da buƙata tara, muka dawo da alkawari.

Sabon hedimasta:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya kwamitinmu rabonsa da zama ya fi shekara biyu, ban ma san ko akwai asusu ba. Gobe bayan azahar zan je gidan dagaci. Jerin malamai na fara shi a daren nan, kuma Alhamis ni zan fara tsayawa gaban allo da darasin haɗa gaɓa na aji huɗu. Hajiya, don Allah ki turo mini samfurin takardar da ku bakwai ɗin kuka rubuta, akwai hedimastoci uku a kusa da mu da nake so in nuna wa ranar kasuwa.