Haɗin Cu(I) ɗina ya koma kore: dmp zan saya ko dpp?

Ɗalibar Lab: Salamu alaikum. Na haɗa [Cu(CH3CN)4]PF6, wato gishirin jan ƙarfe na Cu(I), da fenantrolin, ɗaya ga biyu, a cikin asetonaitiril. Ruwan ya yi ja-ja, kafin awa biyu ya koma kore. Haɗi mai ba da haske nake so, kuma kuɗin ligan (sinadarin da ke kama jan ƙarfen) ɗaya kawai nake da shi. Fenantrolin mai metil a gurbi na 2 da 9 (dmp) zan ɗauka, ko mai fenil (dpp)?

Mai NMR: Wa alaikumus salam. Ki busa naitirojin na minti 15 kafin ki zuba gishirin. Oksijin ne ya mayar da jan ƙarfen daga Cu(I) zuwa Cu(II).

Malam Kiristal: Ba iska ce kaɗai ba. Cu(I) tsarin tetrahidiral yake so, ligan biyun suna gicciye da juna. Cu(II) kuwa shimfiɗewa yake nema. Fenantrolin zalla ba ta hana shi. Metil na 2 da 9 su ne ke tokare juna su hana. Malama, ki auna mg 37 na gishirin da mg 42 na dmp a ml 10 na DCM (ruwan narkarwa CH2Cl2). Nan take zai yi ja mai ruwan lemo, ya sha haske wajen 455 nm.

Ɗan Laser: Dpp ta fi. Tsawon rayuwar hasken [Cu(dmp)2]+ bai kai nanosakan 100 ba a DCM, na dpp ya haura 200. Kuma ki bar asetonaitiril. Idan haske ya bugi haɗin sai ya ɗan shimfiɗe, asetonaitiril ya samu kafar manne wa jan ƙarfen, hasken ya mutu cikin kusan nanosakan 2.

Malam Kiristal: Gaskiya ne, amma ba alkaluma ta tambaya ba. Duka biyun da kyar ido zai ga haskensu. In haske na gani da ido take so, [Cu(dmp)(POP)]+ ne, wato dmp da POP, ligan mai fosforas biyu: rawaya, na kusan maikirosakan 14.

Ɗan Laser: Ranka ya daɗe, wanda ke auna haske ya fi mai renon kiristal sanin wannan. Kuma ligan biyu ke nan, ta ce kuɗin ɗaya take da shi.

Hajiya Sinadari: Kun tsaya musu, ku kula da POP ɗin nan. A fara zuba POP a juya rabin awa, sannan dmp. In aka fara zuba dmp, ko dmp ta yi yawa ko kaɗan, jan [Cu(dmp)2]+ ya bayyana, ya shiga cikin rawayan kiristal, a sake wankewa sau uku bai fita ba. Aikin wata guda ya salwanta.

Mai NMR: Awa biyu ake juyawa, Hajiya.

Gwanin Pipet: Jan ƙarfen nan hawainiya ne, kullum da sabuwar riga.

Hajiya Sinadari: Abin da ya fi ciwo ma gishirin ne. Fari tas ya kamata ya zo, amma sai a buɗe kwalba a tarar da shuɗi-shuɗi. Cu(II) kaɗan ya isa ya baje layukan NMR, gwajin da ke nuna tsarin haɗin.

Malam Kiristal: A narkar da shi a asetonaitiril, a tace shuɗin, a zuba ruwan ita (Et2O) ya sake sauka fari.

Ɗalibar Lab: Na duba nawa yanzu, gefen kwalbar shuɗi ne. To, dmp ɗin zan saya?