Papiyon huɗu a Corolla: ku ina kuka dasa injektocinku?

Mai Corolla na Yantala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa sa ma mota papiyon ɗaya-ɗaya, wato kowace silinda da nata maƙogwaro mai farantin da ke buɗe ma iska hanya, don Allah ya faɗa mana inda ya dasa injekta, abin da ke fesa isansi (man fetur), da yadda motar ke tafiya cikin gari. Motata injin 4A-GE ne mai supap (bawul) 16, na samu papiyon huɗu na babur GSX-R 750 wajen masu tsoffin kaya, mai walda ya haɗa min bututai masu lanƙwasa don su kauce ma bangon gaba, na toshe ramukan injekta na asali da ke jikin kilas, wato kan injin, na bar na babur ɗin suna aiki a wurinsu, kusan santi 15 daga supap. A hanyar Doso idan ta wuce tur 4000, wato juyin injin a minti ɗaya, wallahi daɗi, amma safiya sai na tada ta sau uku, kuma a cunkoson gadar Kennedy ta Yamai in na ɗan taɓa mai a bitesi (giya) na biyu sai ta yi shiru kamar za ta mutu sannan ta zabura. Buji na 1 da na 4 baƙi ƙirin. Wata biyu kenan ina fama.

Bakanike daga Wadata:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a ɗora ma injekta laifi, ka daidaita papiyon ɗin kuwa? Na ga irin haka da idona, mota na rawa a ralanti, wato injin na aiki ba a taka mai ba, mai ita na ta zagin kalkilatar, kwamfutar da ke sarrafa injin, ashe papiyon ɗaya ya fi sauran buɗewa kaɗan. Huɗun nan dole su ja iska daidai da juna. Ni da tiyo mai haske da ɗan man inji nake gwadawa, biyu-biyu, inda man ya karkata can ne zuƙa ta fi ƙarfi, wato papiyon ɗinsa ya fi rufewa.

Mai Corolla na Yantala:
Maigida na daidaita har sau biyu, ralanti ya ɗan kwanta amma shirun nan na nan in na taɓa mai.

Tsohon bakanike na Tawa:
Ɗana matsalarka ba ɓoyayya ba ce, kai da kanka ka hwaɗe ta, lanƙwasa da nisa. Injekta in ya hesa isansi ba duka ka shiga silinda nan take ba, wani shina manne ma bangon bututu kamar raɓa, sai daga baya ya bi iska. Bututu in ya yi tsawo kuma da sanyi, wanda ka mannewa ya hi yawa. To a ralanti papiyon rufe yake, iska ƙanƙane ne bai da ƙarhin ɗaukar isansin, da ka taka mai iska ya shigo da yawa lokaci guda, isansi kuwa shina can bisa bango bai iso ba, shi ne shirun da kake ji. Daga baya duk ya kwararo tare, shi ne zaburar da baƙin buji. Kuma bututan gehe su sunka hi lanƙwasa galibi, je ka duba naka, shi ya sa 1 da 4 sunka hi baƙi.
Munka yi irin wanga aiki nan Tawa ga motar wani yaro, mun sha wuya har munka maida injektocin ga ramukan kilas inda suke kallon bayan supap. Supap da zahi yake, isansi na taɓa shi sai ya zama tururi. Tun ran nan bugu guda take tashi ko cikin sanyin Janairu, ya tahi Ƙonni ya komo bai ce komi ba. Ka dubi 4A-GE mai supap 20 da Toyota ta yi da papiyon huɗu tun daga kamfani, mai hwarin kai hwaɗin papiyonsa milimita 43 mai baƙin kai 45, duka injekta na bayan papiyon dab da kilas. BMW M3 E46 mai papiyon shidda ma hakanan. Motocin da anka yi don titi ne, ba banza sunka aje su nan ba.

Ɗan babur na Harobanda:
Baba gaskiya ka faɗa amma injektan da ke sama gaban papiyon ma fa yana da ranarsa. Ni CBR600RR gare ni, injekta takwas ne a ciki, huɗu ƙasa bayan papiyon huɗu kuma can sama cikin akwatin iska suna fesawa cikin bakin ƙahonni, wato bututan da iska ke shiga ta cikinsu. Honda ta fara sa haka a wannan babur tun 2003. Na saman ba sa aiki a ƙaramin tur sai injin ya hau, lokacin iska na gudu sosai, nisan ya ba isansi damar gauraya da kyau ya kuma sanyaya iskan. Kenan su ma sun san na sama kaɗai ba ya riƙe ralanti shi ya sa suka raba aikin biyu.

Mai lantarkin mota, Bukoki:
Ni na taɓa gwada na saman kaɗai a motar gwaji, injekta gaban papiyon, kuma ba zan sake ba. A ralanti da ido kake ganin isansi na taruwa kan farantin papiyon yana ɗiga ta gefe, injin na hawa yana sauka shi kaɗai. Abin da ya fi tsorata ni, akwai tur ɗin da hazon isansi ke dawowa waje ya tsaya bakin ƙaho, rana ɗaya ta yi atishawa ta baya wuta ta kama soson filtar, Allah ya taimaka akwai yashi kusa. Ga zafin Yamai na watan Afrilu, don Allah kar wani ya bar ƙahonni a buɗe, ga ƙurar hunturu kuma da ke cinye sigma, wato zoben fistan.
Mai Corolla wane kalkilatar ka sa kuma da me yake auna iska? In da kaptar, wato na'urar awo, na matsin iska kaɗai ne to da wuya, papiyon ɗaya-ɗaya ba ya ba da zuƙa mai kwanciya, ɗan buɗewa kaɗan allurar ta tafi sama. A kalkilatar irin Speeduino ko Megasquirt ka koma lissafi da kaptar na buɗewar papiyon da tur, sannan ka ƙara ɗan isansin da ake watsawa lokacin taka mai. Kuma kar ka ɗauko manyan injektoci don kwaɗayin ƙarfi, a ralanti buɗewarsu gajera ce ƙwarai, in sun yi girma ba sa auna daidai.

Mai Corolla na Yantala:
Na dawo da labari. Baba na Tawa Allah ya ƙara girma, na bi maganarka. Ranar Asabar muka cire matosan kilas muka maida injektocin asali da rampansu, wato bututun da ke raba musu isansi, na babur ɗin muka bar su a wurin don toshe rami amma mun cire musu waya da tiyo, matsin isansi a kan awon bar 3. Speeduino ce gare ni, na maida ta kan kaptar na papiyon kamar yadda yayana na Bukoki ya ce. Yau da asuba bugu ɗaya ta tashi, na bi gadar a bitesi na biyu ƙafata na kan mai kaɗan-kaɗan ba shiru ba zabura, na ciro buji na 1 da yamma ya fara komawa ruwan ƙasa. A sama can wajen tur 6500 ina jin kamar ta ɗan rage kaifi amma ni cikin gari nake yini. Saura birki, ya yi tauri tunda silinda ɗaya kaɗai ke ba sarbo, abin da ke sauƙaƙa taka birki, zuƙa.

Bakanike daga Wadata:
Ka ɗauko tiyo daga bayan kowane papiyon su huɗu ka haɗa su cikin ƙaramin gwangwani guda, daga nan ka kai ma sarbo, ka tabbata bawul ɗin da ke hana iska komawa yana nan. Kawo ta gobe bayan la'asar mu sake daidaita papiyon ɗin tunda an taɓa su.