Neman asalin iyali a rajistar cocin Katolika: me kuka gani?

Mai buɗe zance: Jama'a, masu neman kakanninsu a littafin baftisma suna yawaita, littattafan kuma suna lalacewa. Wanda ya san aikin ya taimaka mana.

Tsohon katakis: A fara gane farish ɗin, wato yankin da Fada ke kula da shi, da ke riƙe da ƙauyen a shekarar da ake nema. Ƙananan coci-coci na ƙauye ba su ajiye rajista, Fada yakan zo rangadi ya yi baftisma, ya koma ya rubuta a babbar tasha. Da aka yanki Kafanchan a 1995, Zariya a 2000, Shendam a 2007 suka zama dayosis, wato yankin da ke da bishop nasa, tsofaffin littattafai galibi sun zauna inda aka rubuta su. Shendam kuwa tun 1907 fadoji 'yan ƙungiyar mishan ta SMA suka sauka can, don haka wanda kakansa ya fito daga wannan yanki ya fara tambaya a nan.

Sakatariyar ofishin farish: Gaskiya ne, Baba. Na biyu shi ne suna. Fadojin farko Turawa ne, yadda kunnensu ya ji haka suka rubuta, wani lokaci da Latin: Yakubu ya zama Jacobus, Bitrus ya zama Petrus. Ku zo da sunan yanka, sunan baftisma, sunan uba da na ƙauye. Kada ku tsallake gefen shafi, don dokar coci ta 535 ta ce a rubuta auren mutum a wurin da aka rubuta baftismarsa, nan ne ake samun sunan mata ko miji. Wanda aka yi wa baftisma da girmansa, shekarar haihuwarsa ƙiyasi ce kawai.

Ma'aikacin adana takardu: Gara da yoyon rufi su ne manyan abokan gaba, sai salatif. Yana cin tawada, ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada a manna, kada a rufe shafi da leda mai zafi. A sa littafi kwance cikin kabad na ƙarfe, nesa da bango da ƙasa.

Wajen ɗaukar hoto, waya mai kyau ta isa: hasken taga, ban da filasha, shafi ɗaya hoto ɗaya, har da bango da shafukan da babu rubutu, don a san ba a tsallake komai ba. Sunan fayil ya ƙunshi farish, shekara da lambar shafi. Kwafi uku: ofishin farish, ofishin bishop, da wani waje daban.

Sakatariyar: Malam, a ƙara da izini. Sai Fada ya yarda, kuma rajistar mutanen da ke raye ba ta kowa ba ce. Laburaren ƙasar Ailan da ya sa rajistar cocin Katolika ta ƙasar a intanet a 2015, a wajen 1880 ya tsaya. Mu ma a saki tsofaffin, na baya-bayan nan kuma a nema a rubuce.